Kawu Illa da Shelar Rumbun Ciwo

Kawuna Illa bai iya magana ƙasa-ƙasa ba. Ko maƙwabci yake gaisarwa da safe, sai an amsa masa daga unguwar mahauta. Innata, wadda ita ce yayarsa, takan ce ranar da aka haife shi sai da ungozoma ta toshe kunne. Da wannan murya ya gaji shela daga ubansa a ƙauyenmu, gabas da Waca. Ɓatan akuya, allurar yara, rasuwa, saƙon maigari, duk ta bakinsa suke fita. A wurinmu, maganar da Illa bai yi shelarta ba, ba a gama yanke ta ba.

Kullum da kalma ɗaya yake farawa: "An aike ni in gaya muku." Ba ya ƙari, ba ya ragi, kuma duk wanda saƙo ya shafa sai ya kai masa har ƙofa. Ya taɓa shelar tarar da aka ci matarsa Hannatu don awakinta sun shiga gonar mutane, da sunanta da na ubanta. Ya daɗe yana cin tuwo da miyar da ba gishiri, amma bai ce ya yi kuskure ba.

Shekarar da aka kawo mana maganar mituwal, wato asusun taimakon marasa lafiya, mutane sun ja baya, don sun sha ganin asusun da ya shiga aljihu bai fito ba. Sai aka shirya a kan gero. Kowane gida ya zuba tiyoyinsa da kaka, in ciwo ya fi ƙarfin mutum a sayar a saya masa magani, ko a ɗauki mota a kai mai naƙuda asibitin Magaria. Muka sa masa suna rumbun ciwo. Kawu ya zagaya da dokarsa ta farko: "Hatsin ciwo ne, ciwo kaɗai zai buɗe shi!" Har rugar Arɗo Tijjani da ke bayan tabki ya je, su ma suka zuba nasu. Gaskiya ba komiten da aka naɗa wa rumbun aka yarda da shi ba, bakin Illa aka yarda da shi. Komite ya saya masa lasifika. Ba ya bukatarta ko kaɗan, amma ya so ta har ya sa aka ɗinka mata riga.

Bara, wake na gab da roro, shanu suka cinye gonaki a kudancin gari, har aka fasa wa wani manomi, Laminu, kai da sanda a gonarsa. Bai ga fuskar mai sandar ba. Lokacin wucewar garkuna ne, baƙin makiyaya sun cika daji, amma ruga ce kusa, sai yatsa ya nuna ruga. An kai ƙara wajen jandarma, an ce a jira bincike. Wanda ya yi asarar wakensa kuwa bai san jira ba.

Wata rana bayan la'asar aka kira taron mituwal a gindin tsamiya, baki da baki, ba da shela ba, don kada ruga ta ji. Mu mata muna daga baya. Shawarar ita ce a sayar da geron rumbu, a zuba wa babura isansi, wato fetur, a sallami samari su je su tashi rugar daga bayan tabki.

Zakariya'u tela ya miƙe. "Taro na da ikon ƙara tiya ko rage ta. Da kuka ce dole kowane gida ya shiga, ban so ba, amma na yi shiru, don maganar lafiya ce. Yaƙi fa? Wa ya ba mu yaƙi? Wannan na hukuma ne."

Mushe Abdulhadi (haka muke kiran malaman boko), tsohon malamin lakkwal, wato makaranta, kuma shugaban komite, ya gyara tabarau. "Malam Zakariya'u, taro ne ya kafa dokar, taro zai warware ta. Ko a majalisar ƙasa rinjaye ake bi."

"Ko can akwai uwar doka, mushe. Majalisa ba ta tsallake ta don hannuwa sun yi yawa."

Laminu ya nuna tsumman da ke kansa. "Wannan ba ciwo ba ne? Riga-kafi ai ya fi magani!"

Aka yi ta ja har rana ta yi ja. Ni dai raina ya ɓaci, don na san matan da geron nan ya kai Magaria suka dawo da jarirai a baya, cikinsu har da Bintu surukar Arɗo. Aka ɗaga hannu, masu son tafiya suka yi rinjaye. Mushe ya juya wajen Kawu.

"Illa, gobe da safe ka yi shela, samari su hallara da baburansu."

In ya yi shelar, ya ƙaryata bakinsa na farko. In ya ƙi, aikin da ya gada ya bar hannunsa, kuma shi bai taɓa ƙin aike ba.

"To, ranka ya daɗe, zan yi," in ji shi. "Daga ruga zan fara."

Mushe ya cire tabarau.

"Wace ruga?"

"Ta Arɗo. Geronsu na cikin rumbun. Maganar rumbu kuwa duk mai tiya a ciki sai ya ji ta. Zan ce musu an aike ni in gaya muku, taro ya yanke a sayar da hatsinku a sayi man da za a zo a tashe ku."

"Kai mahaukaci ne?" in ji Laminu.

"A'a, ɗan aike ne. Ku ba ni saƙon da zan iya faɗa wa kowa, in faɗa."

Babu wanda ya samo irin wannan saƙon. Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka tashi suna zage-zage, taro ya watse ba addu'a. Ba a je ruga ba, ba a buɗe rumbu ba. Amma mutum ba ya yafe wa wanda ya sa shi jin kunya a gaban jama'a. Washegari komite ya aiko a karɓi lasifika. Kawu ya cire mata rigarta, ya miƙa. Aka ba Yasin, ƙanen Laminu, shela. Tun daga ranar gidan Kawu ya yi shiru irin wanda ban saba ba, kuma shirun ya dame ni fiye da hayaniyarsa.

Da kakar bana Yasin ya zagaya da lasifika yana kiran a kawo geron rumbu. Ya yi ta yi, babu wanda ya motsa. Wa zai zuba hatsi inda hannuwa za su iya ɗagawa su mai da shi isansi? Ranar kasuwa mata suka taru a ƙofar Kawu, Bintu na cikinsu da ƙwaryar nono a kai da ɗanta a baya.

"Baba Illa, gaya mana gaskiya. Har yanzu hatsin ciwo ne?"

Na ga maganar ta cika masa baki.

"Ba a aike ni ba, 'yata," ya ce. Karo na farko ke nan da na ji muryarsa ba ta wuce zaure ba.

Sai ya shiga gida, ya auno geronsa a buhu, ya saɓa a kafaɗa, ya nufi rumbun ciwo. Muka koma gidajenmu ɗauko namu.