Sunan da Hajjo Ba Ta Faɗa

Shekara goma sha tara ina rubuta katin awon yara a ƙaramin asibitin unguwarmu a Birnin Gwari, kuma a iya lissafina Talata huɗu kacal Hajjo ta taɓa fashi. Ba ma'aikaciya ba ce. Tsohuwa ce mai wankan jarirai, haifaffiyar Tsohon Birnin Gwari, takan rako masu jego ta zauna a bencin da ke kusa da teburina tana duba 'ya'yan mutane kyauta.

Hajjo ba ta taɓa kallon yaro ta rasa sanin abin da zai zama ba. Mai yawan kuka ladan ne. Mai cizon nono ɗan siyasa. Na bi sawun wani ladaninta, na tarar da shi yana kwandasta a tasha. Da na gaya mata, ta ce ai duk kira ne.

Ɗanta Sadisu ya sami ɗan fari da matarsa Safiyatu, aka mayar wa jaririn sunan marigayi mijin Hajjo, Abdulkarim. Tun ranar suna sunan ya shiga kati ya kwanta. Hajjo ba ta faɗin sunan miji, sai ta ce Maigida. Sadisu ba ya faɗin sunan uba, sai ya ce Nababa. Safiyatu kunya biyu ta haɗu mata, ta ɗan fari da ta suruki, ita “wannan yaron” take cewa.

Yaro ya kai shekara biyu da rabi bai ce uffan ba. Ba ya kallon idon kowa, Hajjo ta ce ladabi ne irin na mutanen da. Ba ya nuna abu da yatsa, sai dai ya kama hannun babba ya ja shi har bakin randa, ta ce jinin mulki ne. Yakan wuni yana jera totuwar masara a layi, idan aka gusar da ɗaya ya yi ta ihu, ta ce soja. Yara suna wasa yana ba su baya, ta ce ba ya shiga shirgi, kamar mai sunan.

Wata ranar Talata a watan Yuni, sabuwar nas ɗinmu, Sista Rebecca, ta gama awo ta tambaya ko yaron yana waiwayowa idan an kira sunansa.

“Wanne?” in ji Hajjo.

Sista ta ce na kati. Ta nemi ɗaya daga cikinsu ya kira ta gani. Uwa ta sunkuyar da kai, kaka ta kalli silin. Sai Sista ta karanta katin ta kira da kanta, har sau uku.

“Ke 'yar nan, mijina ne fa kike kira haka gatsau kamar mai shayi.”

Yaron dai bai motsa ba. Sista ta yi musu bayani a hankali. Ta ce a fara gwada kunnensa, amma akwai larurar da ake kira galahanga, wadda alamominta ke kama da waɗannan. Ita ba za ta yanke hukunci ba, sai likitan yara a Kaduna, kuma gara a fara koya masa magana da mu'amala tun yana ƙarami. Hajjo ta goya Maigida ta fita ba sallama. Talatar da ta biyo ita ce fashinta na huɗu.

A gida hukunci bai yi wuya ba. Sadisu ya ce ba wanda zai hau hanyar Kaduna, ya jira rakiyar sojoji, ya ratsa daji, don kawai yaro yana da kunya. Hajjo ta ce ba wata galahanga, baƙuwa ce ta kira shi, kuma Maigida ko yana raye ba ya amsa wa baƙin mata.

Sauran labarin Safiyatu ce ta ba matata. Wata safiya da Sadisu ya tafi gona, Hajjo ta aiki surukarta maƙwabta aron rariyar da suke da irinta biyu. Safiyatu ta laɓe a zaure. Tsohuwa ta durƙusa bayan jikanta don ta ƙaryata Sista, ta yi gyaran murya, ta faɗi sunan da shekara arba'in da shida bai fito daga bakinta ba. Ta maimaita. Ta ƙara da ƙarfi. Yana ta jera totuwa. Sai ta murza ledar biskit a bayansa, nan take ya juyo, ya karɓa, bai dube ta ba.

Safiyatu ta ce har inuwa ta bar wurin, tsohuwar ba ta tashi ba.

Ranar Talata Hajjo ta zo da yaron tun kafin in buɗe rajista. Ba ta duba ɗan kowa ba. Ta ce a ba ta takardar Kaduna, ta riga ta gaya wa Sadisu ko ya bi su ko ya zauna ya yi gadin masara. Benci cike da mata, na rage murya na ce zan kwafi sunan daga kati, ba sai ta wahala ba.

“Malam, rubuta Abdulkarim,” ta ce, har na bakin ƙofa suka ji. “In likitan bai ji ba, zan maimaita masa.”

Na rubuta, Sista ta sa hannu. Ranar Alhamis da hantsi suka bi ayarin motoci, su huɗu, har da Sadisu.