Mai Jan Wayar Filin Idi

A filin Idin Malumfashi, tun jama'a ba su fara shimfiɗa dadduma ba, wani dattijo yake jan waya daga gaban liman zuwa sahun ƙarshe, inda mata da tsofaffi ke zama. Siriri ne, kaftaninsa ya koɗe, aljihunsa cike da salatif.

Ba ya barin wayarsa ta jera da ta janareto. In dole ta haɗa su, sai ya gitta ta ya wuce, kada ƙugi ya shiga muryar liman. Da ya kai ƙarshe, ba kunne yake kasawa ba. Tafin hannu yake ɗorawa a bakin lasifika, ya runtse ido, ya ji ko tana karkarwa.

"Malam Maitama, ta fita tas!" in ji wani mai turare daga bayansa.

Bai juyo ba. Wataƙila shekarun da ya yi a gindin lasifika ne suka cinye masa kunnuwa.

Liman ya ɗaga hannu yana addu'a, muryarsa garau har bakin titi. Shi kuwa dattijon, leɓen na kusa da shi yake kallo, don ya san lokacin cewa amin.