'Yar Farin da Na Samu a Samaru

Rumfar abinci gare ni a Samaru, kusa da ƙofar jami'a. Tuwo, shinkafa da wake, wani lokaci dambu. Ban yi boko ba. Mijina ya daɗe da rasuwa. Uku na haifa, na binne biyu, ɗayan yana Legas, sai Kirsimeti nake jin muryarsa.

A rumfar ta same ni. 'Yar Saliyo ce, ta zo karatun likitan dabbobi. Siririya, mai tabarau. Takan zauna a ƙarshen benci ita kaɗai, ta ci rabin kwano ta ture. Sauran ɗalibai na ta hayaniya, Hausa da Turanci a cakuɗe, ba mai kula ta. Ran nan na tambaye ta da buroka, gurɓataccen Turancin nan irin na kasuwar Sabon Gari, ko abincina ne ba daɗi. Ta ɗago da sauri. Ashe yaren garinsu ya yi kama da shi. Ta ce abinci da daɗi, miyar ganyen rogo take marmari.

Na ce, "Mu sai an rasa rama muke waiwayarsa."

Ta ce, "Don ba ku iya ba ne."

Ranar Asabar na ja ta kasuwar Sabon Gari, muka sayo manja da busasshen kifi da attarugu. Ganyen kuwa a bayan gidana na Dogarawa muka tsinka. Ita ta daka da kanta, ta dafa, muka sa hannu a kwano ɗaya. Na ce ba laifi. Ta ce in ba laifi ne kawai, me ya sa nake suɗe yatsu?

Daga nan muka saba. Ina kiran sunanta tun daga bakin titi, ina yi mata tsiya kan Hausarta, ita ma tana ramawa. Da malamansu suka shiga yajin aiki aka rufe ɗakunan ɗalibai, kowa ya tafi gida. Nata gidan ya yi nisa. Na ce ta kwaso jakarta ta dawo gidana.

Damina ce, sauro ya yi yawa. Zazzaɓi ya kayar da ita, har sai da na kwantar da ita a asibiti. Wata safiya ina goge mata goshi da jiƙaƙƙen tsumma, ta riƙe hannuna, idonta a rufe, ta ce, "Mama."

'Yata ta fari ƙyanda ce ta ɗauke ta tana tatata. Da tana raye da sa'arta ce. Na dubi yarinyar nan a kan gado, na ce a raina, to, Allah ya mayar mini.

A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta wasa da shi, ba ta cin abinci kwano ɗaya da shi, ba ta yabonsa a gaban mutane. Kunya ce. Ni kaina 'yar fari ce. Uwata har ta mutu ba ta kira sunana ba, kuma ban taɓa shakkar tana sona ba. Kakanninmu sun bar tsafi mun shiga coci, amma wannan muka taho da ita.

Tun da aka sallame mu na daina kiran sunanta. Sai dai "ke," ko "waccan." Na ware mata kwanonta, na zuba mata tsokar da ta fi kowacce, na koma gefe da nawa. In ta yi wasa sai in kau da kai.

Kowa ya gane. Maƙwabciyata mai masa ta ce, "Lallai Yaya, an samu 'yar fari da tsufa. To faɗi sunanta mu ji." Na ce ta kula da tandarta, masa na ƙonewa. Matan coci ma sai su ce, "Ina 'yarki?" Ban zaci akwai wanda ke bukatar bayani ba.

Wata rana ta tsaya a kaina ina tsince shinkafa. Lokacin Hausarta ta fara zama.

"Mama, me na yi miki?"

"Ba komai."

"Na daɗe a gidanki ne?"

"Je ki ci abinci."

Ta juya ta tafi. Da aka koma makaranta ta kwashe kayanta. Ta yi ƙawaye a ajinsu, har da wata 'yar Kafanchan da suke yawo tare. Na ji daɗi. Zuwanta rumfa ya ragu. Na ce karatu ne ya yi zafi. Duk Asabar ina aika mata miyar ganyen rogo a kula, kular tana dawowa a wanke, da saƙon an gode.

Da ta gama, ta zo da kanta ta ce in je bikin yaye su. Ba ta da kowa a ƙasar nan, tana so a ɗauke mu hoto. Uwa ba ta zuwa ta tsaya tana washe baki a bikin 'yar fari. Na yanka kaji, na yi dambu, na ba ƙanwata ta kai, na zauna a rumfa. Ina jin kiɗan daga nan.

Ranar tafiya ta biyo da jakunkunanta a keke mai ƙafa uku. Rumfa cike da mutane. Ta rungume ni. Na tsaya ƙiƙam da ludayi a hannu, ina kallon tukunya. Na ce, "Allah ya kai lafiya." Ta sake ni a hankali.

Ƙanwata ce ta raka ta tasha. Da ta dawo ta ce yarinyar ta yi ta kuka, tana cewa har yau ba ta san laifin da ta yi mini ba.

"Me kika ce mata?"

"Dariya na yi. Na ce ai uwarki ce, me kike so ta yi? Sai mota ta cika."

Na zauna a kan benci. Sai a lokacin na fara mayar da komai baya: kwanon da na ware, kan da nake kauwa, bikin. Na ba ta mafi girman matsayin da nake da shi. Ita kora ta gani.

Na sa an kira mini lambarta washegari. Layin nan ƙasar ne, a kashe. Na yi ta sa a gwada, har wata rana wani namiji ya ɗauka ya ce layinsa ne.

Bayan wasu shekaru 'yar Kafanchan ɗin ta biyo ta rumfa, ta nuna mini hoton yarinyar a waya. Ta yi ƙiba, ga jaririya a hannunta, tana sumbatar goshinta a gaban jama'a. 'Yarta ta fari ce kuma. Su haka suke yi.

Na ce, "Tana tambayata?"

Ta ce, "Ta taɓa cewa in na bi ta Samaru in gaida mata mai abincin nan da ta taimake ta."

Ta ce in yi magana a wayar, za ta tura mata muryata. Ta danna, ta kara mini a baki. Mutane na cin abinci, mai masa ta tsayar da juyi tana kallona. Sunan yana kan harshena. Na buɗe baki na ce, "Ke. Rogon ya yi ganye."

An tura. Har yau ba amsa.