Masu Gemu a Tsagar Bango

Tarihin ɗan Adam kashi biyu ne: kafin injin buga littafi, da bayansa. Duk shekarun da na yi riƙe da alli a lakol, abin da nake faɗa wa yara ke nan, ina nuna musu hotunan masu maɗaba'a na Turai na zamanin Farkawa, masu gemu da hula a karkace, waɗanda suka yi ta jera haruffan dalma har littattafan Girka da Rum suka baro hannun manya suka shiga kasuwa. Su suka sanar da talaka cewa shi ma yana da kai, kuma ba laifi in ya yi aiki da shi.

Da na ajiye alli sai zama ya gagare ni. In je bakin tafki, in dawo, in buɗe littafi, in rufe. Mutum ɗaya kawai nake nema, wanda zai karanta ya zo ya yi mini gardama. Sai na shiga Maradi aka yi mini fotokofin hotunan, kowanne da bayaninsa da Hausa a ƙasa, na ba taubashina mai amalanken jaki ya raba a ƙauyensu, Safo.

Na zauna jira. Ko akuya ta motsa a zaure sai in gyara hula.

Da shiru ya yi yawa na bi shi har gida.

"Mushe, ka zo gaida waliyyanka?" in ji shi, yana kira na yadda ake kiran malamin lakol. "Suna nan lafiya, ko ɗaya bai taɓa ƙasa ba."

"Wa ya karanta?"

"Kai ma dai. Mutum da gemu har ƙirji, ga littafi a hannu, wa zai tsaya yi masa bincike? Tsofaffi sun ce malaman gabas ne."

Ya zagaya da ni. Tsofaffin garin ba sa barin takarda mai rubutu a ƙasa, gudun kar a taka sunan Allah; naɗe ta suke yi su cusa a tsagar bango. Haka na iske masu gemun nawa gida-gida, a naɗe tsaf. A Turai har ƙone wasunsu aka yi. A Safo kuwa an ba su masauki.

A hanyar dawowa na lallashi kaina cewa wata rana wani zai zaro ɗaya ya warware, daga nan Farkawa ta iso.

Da na koma bayan damina, gara ta cinye su.