Kundin Leda Mai Laushi

Tela ce, kuma tun tana yarinya ake ce mata Ƙaya, don ba ta iya tauna magana kafin ta fito da ita. Ta auri mai gyaran agogo, mutum mai sanyi wanda ba ya shan taba, ba ya yawon hira. Abu guda ya sa a ransa: tara tsofaffin sulalla na ƙasashe daban-daban, waɗanda aka daina kashewa tun kafin a haife shi. Kowane sule da 'yar jakarsa ta farin yadi, ita take ɗinka masa daga ragowar yankan rigunan mutane. Ta sha yi masa tsiya cewa ya fi tattalin ƙarfen nan a kan haƙoransa. Amma ba ta taɓa ƙin ɗinkin ba.

Da ya rasu, ana cikin zaman makoki ƙaninsa, wanda gidan ke kira Auta, ya shiga ɗakin marigayin ya fito da akwatin sulallan. Ya ce Yaya ya ba shi kyauta tun yana da rai. Ba shaida, ba kowa. Da Ƙaya ta shiga shara sai ta tarar da jakunkunan zube a ƙasa, da sawun takalmi a kansu. Ya zazzage sulallan a gwangwanin madara ya yi gaba. Ba ta kai ƙara wurin dangi ba. Ta share ɗakin, ta koma kan kekenta.

Bayan wasu watanni sai ga Auta a ƙofar shagonta, yana washe baki.

"Matar Yaya, aiki ya yi kyau. Shawara na zo nema."

"Ashe kana neman abu kafin ka ɗauka?"

Ya yi dariya kamar wasa ne. Ya ce wani mai sayen kayan tarihi ya ga sulallan ya yaba, zai dawo baɗi da kuɗi masu kauri, amma ya ce a fitar da su daga gwangwani, suna gogar juna. Ya ajiye mata abu biyu a kan teburin yanka. Ɗaya 'yan ƙananan gidaje ne na roba mai tauri, kowane sule da nasa, da murfi. Ɗayan kundi ne na leda mai laushi, mai aljihuna jere, yana ƙyalli yana warin sabon takalmi.

"Ke kika zauna da Yaya. Da yana nan, wanne zai zaɓa?"

Ta san warin nan. Marigayin ya taɓa sayen irin ledar, zafi ya sa ta yi gumi, ta cinye masa fuskar wani sulen jan ƙarfe, ya yi kwanaki ba ya cin abincin kirki. Ta ɗaga kundin ta juya shi.

"Wannan ya fi kyan gani. Kuma na san ka, ba ka son abu mai tsada."

"Kin san ni kam. A ina zan ajiye?"

"Saman kabad, can kusa da rufi. Ɓarawo ba ya duba sama. Kada ka yi ta buɗewa, iska na ɓata su."

Da ya tafi, 'yarta da ke guga a bayan labule ta fito.

"Inna, kayan Baba ne fa."

"Na Auta ne. Ba ki ji an ba shi kyauta ba?"

Zafi ya zo ya wuce, damina ta zo ta wuce. Ƙaya ta ci gaba da ɗinkin kayan makaranta da rage ƙugun wanduna. Duk ranar da rana ta yi ƙuna, kwanon rufin shagon yana ƙara, sai ta ɗaga kai ta dube shi, ta ci gaba da taka keke.

Ranar da Auta ya dawo bai yi sallama ba. Ya buga kundin a kan tebur. Shafukan sun manne da juna, aljihunan sun cika da wani koren danƙo. Ta matso sule ɗaya da farce. Inda a da akwai jirgin ruwa da rubutu, yanzu sai ramuka kamar tabon agana. Ta gane shi. Shi ne wanda marigayin ya fi so, ya yi shekaru yana nemansa. Hannunta ya ɗan tsaya, sannan ta ajiye.

"Mutumin ko zama bai yi ba," in ji Auta. "Ya ce ledar ce. Ya ce duk mai tara sulalla ya san haka. Kin sani, ko?"

"Na sani."

"Ki ji tsoron Allah, matar Yaya. Wahalar mijinki ce kika ƙone."

"Ka ɗauki kyautarka, kana tare mini haske."

Bai ɗauka ba. Ya fita yana zage-zage har bakin titi. 'Yarta ta buɗe kundin tana ɓanɓare shafukan, idonta ya ciko.

"To yanzu me kika samu, Inna?"

"Shi ma bai samu ba."

Ta miƙa mata allura da zare.

"Zo ki sa mini, idona ba ya gani."