Goron da Na Fasa a Herwagana

A shekarun da nake karanta labarai a rediyo, wata ƙungiya mai awon hawan jini kyauta ta roƙe ni in yi mata sanarwa. Na yi ta yi. A unguwar Jekadafari layin masu zuwa awo ya kai har bakin masallaci. A Herwagana kuwa, inda ake son samun 'yan kasuwa da makanikai Ibo, kujeru suka wuni babu kowa. Daga ofishin ƙungiyar a GRA aka ce in an sake haka, za a janye daga unguwar.

Jagorar aikin, tsohuwar nas 'yar Tangale da muke kira Mama, ba ta yarda ba. Ta ce mutanen nan ba kiran rediyo suke amsawa ba, sai na taron 'yan garinsu da suke yi ran Lahadi bayan coci. Lahadi uku tana zuwa, ta zauna a bencin baya, ta gaisa, ta tafi, ba ta ce uffan kan awo ba. A ta huɗu aka ba ta izinin magana, ta tafi da ni.

Aka zagayo da goro a faranti. A al'adarsu taɓawa kawai ake yi, a mayar wa dattijon taro ya yi addu'a ya fasa, sannan a buɗe zance. Ni ban sani ba. Na ɗauka, na ɓare, na jefa baki kamar a wurin ɗaurin aure. Kowa ya juyo ya dube ni.

Mama ta miƙe, ta rusuna wa dattijon. "Baba, laifina ne. Na nuna masa hanyar gidanku, ban koya masa zama a ciki ba."

Dattijon, mai sayar da kayan gyaran mota, ya daɗe yana dubana, sannan ya tambaya da Hausarsa ta kasuwa ko ban karya kumallo ba ne. Aka yi dariya. Ya sa aka kawo wani goron, ya yi doguwar addu'a da harshensu, ya fasa.

Maganar Mama gajeriya ce. Ba ta ce su zo wurinmu ba, ta roƙa su bar ta ta riƙa zuwa da na'urarta in an tashi taro. Dattijon ya naɗe hannun rigarsa nan take. Da ta auna shi, jininsa ya hau sosai, ta faɗa masa a kunne. Sauran suka jeru a bayansa.

Ofis bai janye ba. Lahadin da ta biyo, matansu ma suka zo.