Ɗingishin Kansila

Abubuwa da yawa sun wuce a rayuwata na manta su sarai, har da waɗanda ya kamata in riƙe. Amma ranar da bunsurun 'ya'yana ya yi ɗingishi a tsakiyar coci, wannan kam sai dai a binne ni da ita. Yaran sun girma yanzu, babban har ya ajiye gemu, amma har gobe in na ga ƙuli-ƙuli a faranti sai dariya ta ƙwace mini.

Mu mutanen wani ƙauye ne a gefen Lakwaya. Gidajen Kirista a wurinmu ba su da yawa, sauran duk maƙwabtanmu Musulmi ne, rijiyarmu ɗaya, gayyarmu ɗaya, in an yi haihuwa ko rasuwa tare ake zama. Cocinmu ɗan ginin ƙasa ne da rufin kwano wanda ya sha duniya, in ana ruwa sai kowa ya ja bencinsa ya nemi inda ba ya yoyo. A lokacin yarana biyu ne. Namijin shi ne babba, mai wayon tsiya, tun yana goye na san zan sha aiki. Sai ƙanwarsa, wadda in ya ce mata rana ta fito daga yamma za ta rantse ta gani da idonta.

Babban nan ba ya rabo da ƙorafi. Duk safiyar Lahadi sai mun yi. "Inna, wai me ya sa namu ya fi na kowa wuya? Abokaina suna can suna ƙwallo, ni ina nan a benci. A makaranta ni kaɗai ne Kirista a ajinmu, kullum sai an tambaye ni." Ni kuwa ba ni da dogon bayani a lokacin, amsata ɗaya ce: sa takalminka.

Asalin maganar bunsuru kuwa daga ciwo ta taso. Wata shekara ƙaramar ta yi ƙyanda mai tsanani, har sai da muka kwanta a asibiti a Gwarzo. Akwai ranar da ko ido ba ta iya buɗewa. Na durƙusa a gefen gadon na ce, Ubangiji, in ka tashi yarinyar nan, ɗan farin da akuyata za ta haifa naka ne, zan kai shi ranar godiyar kaka. Allah ya ji kukana, yarinya ta miƙe. Akuya kuma ta haifi namiji, ja mai farin goshi, sai dai ba ta daɗe ba ta ci leda ta mutu ta bar shi. Yaran nan su suka raine shi. Kullum da safe su ɗauki ƙoƙo su je gidan Baba Alhaji, maƙwabcinmu, wanda asalinsu makiyaya ne, ya tatso musu madara. Babansu ne ya raɗa masa suna Kansila, wai don ba ya zuwa wurinka sai ya hango abu a hannunka.

Tun farko na gaya musu cewa wannan na alkawari ne, kada su sa rai. Suka ce to. Amma "to" ɗin yaro a kan abin da ke nesa ba ta da nauyi. Kansila ya girma, yana raka su bakin hanyar makaranta, yana cinye musu littafi, ya taɓa cinye mini gefen zane a kan igiya. Ni kaina, duk da zagin da nake masa, na saba da shi.

Da aka gama girbi, Fasto ya sanar da ranar godiya. Al'adarmu ce kowa ya kawo daga abin da Allah ya ba shi, dawa, gero, gyaɗa, kaza, duk abin da ya samu, a kai kasuwa a sayar a yi hidimar ikilisiya. A shekarar an ce rufi za a gyara. Ana cikin haka sai malamin makarantar Lahadi ya koya wa yara yadda mutanen dā suke miƙa hadaya, ya ce ba a kai wa Allah dabba mai aibu, ba makauniya, ba gurguwa. Ɗan nawa, wanda barci ne aikinsa a makarantar Lahadi, ya dawo gida ido a buɗe yana jero mini tambayoyi. "Inna, ko da ɗan ɗingishi ne kaɗan, ba a karɓa?" Na ce haka malam ya ce. Har na yi murna a raina, na ce yaro ya fara son Maganar Allah. Ashe lauya nake reno.

Ana saura kwanaki kaɗan sai Kansila ya fara ɗingishi. Ya ɗage ƙafar gaba ta dama, yana tsalle da uku, abin tausayi. Yaran suka zo mini da fuskar makoki. "Inna, kin ga abin da ya faru. Yanzu sai dai a kai zakara." Na duba ƙafa, ba ƙaya, ba kumburi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, in yaran suna makaranta Kansila lafiyarsa ƙalau, har katanga yake hawa. Suna dawowa ciwo ya tashi.

Rannan da la'asar na zagaya bayan rumbu zan ɗebo kara, sai na ji murya ƙasa-ƙasa. Na leƙa. Ga babban a tsugune da ƙuli-ƙulina a hannu, wanda nake ta cigiya ina zargin ɓera. Ya miƙa wa Kansila ya sansana, ya janye. Ƙaramar ta ɗaga masa ƙafa. Sai ya yi tsalle da uku sannan a ba shi. Makaranta ce sosai aka buɗe, da malami da mataimakiya, ɗalibin kuma ya fi malaminsa ƙoƙari a karatu. Raina ya ɓaci, hannuna har ya kai kan kara. Sai kuma dariya ta taso mini, na toshe baki na koma da baya. Na ce to, ɗan hakin da ka raina, bari mu ga wanda ya riga wani zuwa duniya.

Washegari na aika a roƙo mini Baba Alhaji, na kuma tare shi a zaure na raɗa masa abin da ake ciki. Tsohon nan dama mai son raha ne. Ya shigo da sallama, muka gaisa kamar ba mu haɗu ba.

"Sannu da zuwa, Baba Alhaji. Ina gajiya? Ya iyali, ya dabbobi?"

"Lafiya lau, alhamdulillahi. Ya yaran? Ya muka ji da aikin kaka? To madalla. Ina majinyacin?"

Aka kawo Kansila yana tsallensa, don babban ya dunƙule ƙuli-ƙuli a hannu a gabansa. Baba Alhaji ya tsuguna, ya murza kofato, ya latsa gwiwa, ya girgiza kai, Kansila kuwa yana ta taunar bakin rigarsa.

"Kai, wannan ciwo ya shiga jijiya," in ji shi. "Maganinsa ɗaya ne, lalas. Uwar gida, sa mini lauje a wuta ya yi ja. In na ɗora masa a ƙafar, ko ya warke ko ya mutu."

Na tura lauje cikin murhu ina hura wuta. Ƙaramar ta fasa ihu ta rungume wuyan bunsuru. Babban ya yi tsuru-tsuru, ido ya raina fata, amma kansa bai daina aiki ba.

"Baba, a dakata! Bari mu yi masa addu'a tukuna."

Suka rufe ido, ya mayar da hannunsa baya ya cusa ƙuli-ƙulin a aljihu. Kansila ya ga babu komai, ya sauke ƙafa ya bi wata kaza a guje.

"Ya warke! Inna, kin gani, ya warke!"

Baba Alhaji ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Ikon Allah! Lallai addu'arku tana ci da wuri. In saniyata ta kwanta ku zan aiko wa."

Da yamma ina tuƙa tuwo na kira su suka zauna kusa da murhu. Na ce na ga makarantar bayan rumbu. Ƙaramar ta sunkuyar da kai. Shi kuwa gogan bai saduda ba.

"Inna, fisabilillahi me Allah zai yi da bunsuru? Duk dabbobin duniya nasa ne. Mu ɗaya muke da shi."

Na ajiye muciya. Na so in yi faɗa, amma na fasa. Na ce, "Gaskiyarka, Allah ba ya cin nama. Amma ranar da ƙanwarka ba ta iya buɗe ido, ba zakara na ce ba. Kuma kada ka ɗauka ni abin bai dame ni ba. Ni ma ina son ɗan banzan nan. Ka sha tambayata me ya sa namu yake da wuya, ina ce maka sa takalminka. To yau ga amsa: da wuya, ba zan yi muku ƙarya ba. Bin Yesu ba shan fura ba ne. Amma ni ba zan ja Kansila zuwa coci ba. Ku kuka raine shi, ku za ku riƙe igiya."

Ranar godiya suka yi masa wanka da sabuluna na wanka, na ƙyale su. Coci ya cika maƙil, mata suna kiɗa suna waƙa, kowa ya shiga layi da kayansa yana rangaji zuwa gaba. Ina bayan yaran da ƙwaryar dawa a ka. Abin da ban lura ba shi ne, tsohuwar da ke gabansu farantin ƙuli-ƙuli ta kawo, kuma saboda ciwon wuya ba ta ɗora shi a ka ba, a hannu ta riƙe, daidai hancin Kansila.

Ɗalibi bai manta karatu ba. Ya ɗage ƙafar dama, ya shiga tsalle da uku tun daga ƙofa har gaban bagade, inda Fasto yake karɓar kaya. Ban taɓa ganin ɗingishi mai kyan wannan ba, har da langaɓe kai. Waƙa ta fara rikicewa, mutane suna leƙe. Ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

Fasto bai san komai ba, kuma mutum ne mai taushin zuciya. Ya ɗaga hannu aka tsai da kiɗa. Ya dubi bunsuru, ya dubi yaran da idonsu ya yi ja.

"Ayya, 'ya'yana, ai wannan ba shi da lafiya. Ku mayar da shi gida ku yi jinyarsa. Allah ya ga zuciyarku, ya karɓa. Ba sai kun kawo komai ba."

Ka ji fa. Abin da suka yi ta wahala a bayan rumbu suna nema, ga shi an miƙa musu a gaban jama'a, da bakin Fasto, ba su yi ƙarya ko ɗaya ba. Ƙaramar ta ja rigar yayanta tana raɗa, "Yaya, mu tafi, mu tafi." Harshena yana ƙaiƙayi. Kalma ɗaya zan faɗa magana ta ƙare. Amma wani abu ya riƙe ni. Na san in na yi magana na cika alkawarina, su kuwa abin da za su koya kawai shi ne uwarsu ta fi su wayo. Na cije leɓe na dubi ƙasa.

Babban ya juya da bunsurun wajen ƙofa. Wallahi ya juya, na ga ƙeyarsa. Sai ya tsaya. Ya daɗe a tsaye, igiya a hannunsa. Sannan ya waiwayo.

"Baba Fasto," ya ce, "lafiyarsa ƙalau. Mu muka koya masa. Iya, don Allah ɓoye farantin nan."

Tsohuwa ta lulluɓe faranti da gefen mayafi. Kansila ya sauke ƙafa, ya tsaya da huɗu garau, ya miƙa wuya ya fara cin zangarniyar geron wani dattijo.

Coci ya ɗauki dariya, har masu kiɗa suka kasa riƙe kayan kiɗa. Fasto ya cire tabarau yana share ido. Amma da ya dubi yaron sai ya daina, don hawaye ne ke zuba a fuskarsa ba ya ko sharewa. Fasto bai karɓi igiyar ba, ya buɗe hannu kawai ya jira. Yaron ya kamo hannun ƙanwarsa ya haɗa da nasa, su biyu suka ɗora masa ita.

Ba zan ce muku wani ya saye shi ya mayar musu ba, don ba haka aka yi ba. An kai Kansila kasuwa a Kabo tare da sauran kaya, ba mu sake ganinsa ba. Ranar ba wanda ya ci tuwo a gidanmu, har ni. Na zaunar da su a cinyata, har babban ƙato da shi, muka yi kukanmu tare.

Da damina ta zagayo, wata Lahadi aka tsuge da ruwa muna cikin sujada. Kowa ya kama bencinsa don ya ja kamar yadda aka saba, sai aka ga ba inda ke ɗiga. Ƙaramar ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon sabon kwanon da ke saman bencin yara, sannan ta zunguri yayanta ta nuna da yatsa. "Yaya, ga Kansila can."

Har yau a gidanmu, in wani ya tashi da ciwon kai na safiyar Lahadi wanda ke warkewa da an tashi daga coci, sai a ce ɗingishin Kansila ne. Ni kuwa abin da ranar ta koya mini ya fi wanda ta koya musu. Da bulala kana iya kai yaro har gaban bagade, amma ba za ka iya sa shi ya buɗe hannu ba. Ka gaya masa gaskiya cewa hanyar da wuya, ka bari ya ga kai ma tana maka wuya, sannan in ƙofar gudu ta buɗe masa, ka kama bakinka ka yi addu'a. Ni bunsuru na yi alkawari, amma abin da aka miƙa wa Allah a ranar ya fi bunsuru, kuma ba ni na miƙa shi ba.